Na Sayi Motar Gawa Na Ɓoye wa Inna

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan fili ina girgiza kai, ina cewa ni kam ba zan taɓa tafka irin wannan wauta ba. To yau ga ni da tawa. A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina aikin gwajin jini a wani asibitin kuɗi a Jidda, shekarata ta takwas ke nan a ƙasar. Muna zaune a unguwar Kurayyat ni da matata da 'ya'yanmu huɗu. Kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, bai taɓa kuka da ni ba, iƙamata, takardar izinin zama, ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba, kowa yana yi mini kallon mutum mai natsuwa. Sai dai ina da halaye biyu da na gida ne kaɗai suka sani: son araha, da son a ce na iya. Ni ne mutumin da in ya sayi takalmi sai ya tare ka a bakin masallaci ya ce ka canki nawa ya saye shi. Matata takan ce da za a karya farashin zazzaɓi da na sayo mana guda biyu.

Sha'awar mayar da bas ɗakin kwana a waya na ɗauko ta. Ina ganin yadda wasu ke sayen tsohuwar bas mai dogon kai, irin wadda mutum zai miƙe tsaye a cikinta, su cire kujeru su kafa gado da ɗan wurin girki, su shiga duniya. Da farko dariya nake yi musu, daga baya na wayi gari ina auna falonmu da tef ina zane a bayan takardun asibiti. Amma abin da ya mayar da wasa gaske shi ne Inna, mahaifiyata. Ni kaɗai ne ɗanta namiji, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ita kuma ba ta taɓa taka ƙasa mai tsarki ba. Shekara takwas ina cewa baɗi, har ciwon baya ya ci ƙarfinta, ta kai in ta daɗe a kujera sai ƙafarta ta dama ta mutu. Burinta a duniya bai wuce ta tsaya a gaban kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi masa sallama da bakinta ba. Na yi mata alkawari a waya cewa zan kai ta Madina tana kwance a kan katifa kamar tana ɗakinta. Ya kamata in faɗa muku tun yanzu wace ce Inna: sama da shekara talatin ita ke wankan gawar mata a unguwarmu a Funtuwa, ba ta taɓa karɓar ko sisi a kai ba.

Na yi wata biyu ina zarya a haraj, wato kasuwar tsofaffin motoci. Masu dogon kai da ke da lafiya kuɗinsu ya fi ƙarfina, masu sauƙin kuɗi kuma jigilar leburori ta gama cinye su, kana buɗe ƙofa ƙofar na neman biyo ka. Ina gab da haƙura wani dillali ya ja ni can ƙarshen fili ya nuna mini wata fara. Jikinta sumul, tayoyinta da sauransu, na leƙa mita na ga tafiyar da ta yi ba ta kai ko rabin ta sa'o'inta ba. Bayanta babu kujera ko ɗaya, sai wasu ƙarafa biyu dogaye a shimfiɗe a ƙasa, masu ƙananan tayoyi a jere. Da ya faɗi kuɗinta sai da na sa ya maimaita. Na tambaye shi dalilin wannan araha, kuma gaskiyar Allah mutumin nan bai ɓoye mini ba. Ya ce motar ɗaukar mamata ce ta ƙungiyar jinƙai ta wani masallaci, sun samu sabuwa suka fitar da wannan, mutanen gari kuma ba mai son ya zuba iyalinsa a ciki, shi ya sa ta daɗe a ajiye. Yana maganar ni kuwa idona na kan ƙarafan nan da ake tura makara a kansu, ina lissafin yadda za a ɗora musu gado a riƙa jawo shi waje, Inna ta kwanta a tura ta ciki ba tare da ta hau ko taki ɗaya ba. Na ce wa kaina camfi ba addini ba ne, mota ƙarfe ce. Har yau ban ce wannan tunanin kuskure ne ba. Kuskurena daga baya ya fara.

Ranar da takardu suka koma sunana na ɗauko ta cike da murna, na ce bari in biya ta unguwar Ammariyya in sayo wa yara masa a gidan wata tsohuwa, Bahaushiyar Sudan da muke ciniki da ita. An ɓare rubutun da ke jikin motar, amma in rana ta karkata inuwar haruffan na nan ga mai ido. Ashe ma ba sai an karanta ba. Ina tsayawa a bakin layin na ga masu shago suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa ya fara salati, aka buɗe tagogi biyu a saman bene. Tsohuwar ta fito da ludayin ƙullu a hannu, tana tambayata rabi da Hausa rabi da Larabci wa ya rasu, a wane gida. Motar nan ce ta ɗauki mijinta, ita ta ɗauki rabin tsofaffin layin, sun san ta kamar yadda suka san muryar ladaninsu. Kunya ta rufe ni. Maimakon in ce na saya ne, sai na ji bakina yana cewa aro na yi, yanzu zan mayar. Ko masar ban tsaya karɓa ba. Daga nan kai tsaye wurin mai fenti na wuce, na ce ya mayar da ita ruwan ƙasa. Da na kai ta gida bayan kwana huɗu na ce wa matata motar gidan burodi ce, ƙarafan nan na tura farantan burodi ne.

A unguwar masana'antu ta Jidda akwai wani tsohon makaniki, shi ma Bahaushen Sudan ne, haifaffen Jidda, wanda duk Bahaushen da ke da mota a kudancin garin ya san warsharsa, wato garejinsa. Tun zuwana shi ke duba mini ƙaramar motata, Baba nake kiransa, kuma ban taɓa sayen ko taya ba tare da na tambaye shi ba. Wannan karon na guje shi. Na san gidansa a Ammariyya yake, na san in ya ga motar zai gane ta ko da fenti bakwai aka yi mata, in ya gane kuwa matarsa ta biyu za ta ji, in ta ji matata ta ji. Sai na kai ta wani gareji da ba a san ni ba, na ce a canza mai da birki. Suka canza abin da na ce, ba su taɓa abin da ban ce ba. Ta tsallake gwajin lafiyar mota na hukuma, na ɗauki takardar ina nuna wa mutane kamar na ci jarrabawa. Sauran ƙarfina duk a kan kwalliya ya ƙare. Kafinta ya yi gado a kan ƙarafan, aka sa katifa mai tauri saboda baya, aka yi ɗan kabad, aka kafa ƙaramin firji da tankin ruwan alwala. Na sa aka lulluɓe bango da katako har da tagogin gefe, don kada rana ta dami Inna, na zaɓi labule da kaina. Ban taɓa tambayar kowa ta ina iska za ta shiga in na'urar sanyi ta tsaya ba.

Abu ɗaya ya gagare ni, shi ne ƙanshin. Na wanke motar nan da sabulu har hannuna ya yi kanta, na turara ta da turaren wuta, na rataya ƙyallayen turare a ko'ina. Da safe ba ka jin komai. Amma da zarar ta sha ranar azahar, ka buɗe ƙofar baya, sai kafur ya taso daga ƙarƙashin katakon ya dake ka a hanci. Matata ta taɓa tambayata wane irin burodi ne ake yi da kafur, na ce ai maganin kyankyaso suke zubawa. Ita ce kuma ta kawo shawarar da har in mutu ba zan daina tunawa ba. Ta ce tunda ga jirgin ƙasa yana zuwa Madina a ƙasa da awa biyu, ga sanyi, ga wurin da mutum zai miƙe ya taka in zama ya dame shi, me zai hana a sa Inna a keken guragu a kai ta, motar kuma a bar ta don yawon yara kusa da gari. Na hau ta da faɗa. Na ce ita ba ta san ciwon baya ba, na ce baƙin ciki take yi da abin da na ƙera. Gaskiyar magana kuwa na riga na tura hotunan gadon ga 'yan'uwa a gida, ana ta sa mini albarka, kuma ban shirya a ce duk wannan hidima a jirgi aka ƙare ba.

Inna ta sauka a filin jirgin Jidda da rana tsaka, lokacin zafi. Aka turo ta a keke, ta rame, zaman jirgi ya galabaitar da ita duk da an bar ta ta miƙe a kujerun da ba kowa. Na buɗe ƙofar baya ina washe baki, na jawo gadon ya fito sulu, ko ƙara babu. Ba ta kwanta nan take ba. Ta ja numfashi sau ɗaya, ta sunkuya da ƙyar ta shafa ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon, ta juya ƙaramar tayar da ɗan yatsa. Sannan ta tambaye ni, a hankali, me motar nan take ɗauka kafin ta zo hannuna. Na ce burodi. Ta ce to, Allah ya sa albarka, ta yi bisimilla ta kwanta. Bayan ta huta kwana uku muka kai ta Makka ta yi umara a keke, ta yi kuka a gaban Ka'aba har ni ma na kasa riƙe nawa. Tafiyar Makka gajera ce, motar ta je ta dawo. Amma a hanyar dawowa na ga allurar zafin inji ta wuce tsakiya ta tsaya tana rawa. Na gani da idona. Na ce zafin gari ne, na ƙara ruwa a lagireto washegari, ban faɗa wa kowa ba.

Safiyar da za mu tafi Madina, matata na kicin tana haɗa abinci, yara mun kai su gidan maƙwabta, Inna ta kira ni ɗakin da take. Ta sa na zauna a bakin katifarta kamar yadda take yi mini ina yaro. Ta ce tafiya ce mai nisa, ita kuma tsohuwa ce, tana so in gaya mata tsakani da Allah ko wanda ya san motar nan ya duba ta, kuma tana so ta sake jin abin da na ce motar ke ɗauka a da. Wallahi saura kaɗan in faɗi gaskiya. Sai na hango matata za ta ji, na hango hotunan da na tura, na hango tsohuwar nan mai masa da ludayinta. Na ce Inna babban makaniki ya duba ta ciki da waje, kuma motar burodi ce, na haɗa da rantsuwa. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ba fushi a cikinsa, wanda ya fi mari ciwo. Ta ce shi ke nan, in miƙo mata carbinta.

Niyyarmu mu tashi bayan asuba, amma loda kaya da ɗaure-ɗaurena suka kai mu hantsi. Awa biyun farko lafiya ƙalau, ina jin Inna daga baya tana ta salati, matata na zaune kusa da ita a ɗan benci. Da muka bar gefen teku hanya ta fara hawa cikin duwatsu, rana ta take, sai allurar nan ta fara tafiya. Na rage gudu, ba ta sauka ba. Na kashe na'urar sanyi don in sauƙaƙa wa injin, na ce musu minti biyar ne. Ni a gaba ina da taga. Su a baya na rufe su da katako da hannuna, babu ta inda iska za ta shiga. Matata ta fara buga allon da ke tsakaninmu tana cewa in tsaya, ni kuma ina cewa saura kaɗan mu kai gidan mai, alhali ban san inda gidan man yake ba. Ban tsaya ba sai da motar ta tsayar da kanta. Wani farin tururi ya turnuƙe gilashin gaba, injin ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ya mutu. Na gangara da ita gefen titi. Babu bishiya, babu gini, sai baƙaƙen duwatsu da manyan motoci da ke wucewa suna girgiza mu.

Na zagaya na buɗe ƙofofin baya. Zafin da ya fito kamar an buɗe tanda, kuma tare da shi ƙanshin kafur ya fito, wanda ban taɓa jin ya yi ƙarfi haka ba, ya danne duk turaren da na ɓata kuɗi a kai. Inna na kwance a kan gadon nan da ke bisa ƙarafan makara, leɓɓanta sun bushe, zufa ma ta daina fito mata. Matata na kuka tana jiƙa mayafi da ruwan tankin alwala, ruwan da shi ma ya yi zafi. Na kira lambar agaji, na kasa ma faɗa musu daidai inda muke. Ina durƙushe ina yi mata fifita da murfin kwali, Inna ta buɗe ido ta dube ni, har da ɗan murmushinta, ta ce in daina kuka, in ma lokacin ne ya yi ai an huta da neman mota, ga ta a cikin wadda ta dace. Matata ta tsaya cak da mayafin a hannu, ta dubi Inna, ta dubi ƙarafan, ta dube ni. A nan ta gane ba motar burodi ba ce. Jim kaɗan Inna ta suma.

Ban san tsawon lokacin da muka yi kafin motar asibiti ta iso ba, a wurina ya fi shekara. Wani direban babbar mota, Allah ya saka masa, ya tsaya ya ba mu ƙanƙara daga kularsa muka sa mata a wuya da hammata. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti a hanya aka ɗaura mata ruwa, washegari aka mayar da ita Jidda. Ni da nake gwada jinin mutane kullum, na karɓi takardar gwajinta na karanta da kaina, ban buƙaci likita ya fassara mini ba: zafin da rashin ruwa sun taɓa ƙodarta. Ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance. Likita ya ce ko an sallame ta babu maganar wata tafiya sai ta komawa gida, can ma da taka-tsantsan. Matata ta yi jinyarta dare da rana, tana yi mini magana a kan magani da abinci kawai, ban kuwa ga laifinta ba.

Motar kuwa janwe ya jawo ta, kuma da direban ya tambaye ni inda za a kai ta, sai na ji na gaji da ɓuya, na ce warshar Baba. Tsohon ya fito yana goge hannu da tsumma. Bai ko dubi fentin ba, ya je ya ja ƙofar gefe, ta maƙale a inda ta saba maƙalewa, ya ɗan ɗaga ta da gwiwa ta buɗe. Ya ce shekara tara shi ke gyara motar nan kyauta saboda Allah, kuma a cikinta aka kai uwargidansa makwancinta. Ya ce shi da bakinsa ya ba 'yan kwamitin masallacin shawara su rabu da ita, don sau biyu injinta na tafasa, an lallaɓa shi ne kawai. Ya bayyana mini abin da ban taɓa tunani ba: motar gawa ba ta tafiya mai nisa, daga asibiti zuwa masallaci zuwa maƙabarta ne, shi ya sa mitarta ke nuna yarinya ce. Amma tana wuni a tsaye a rana injin na aiki, na'urar sanyi na aiki, ana jiran takarda, ana jiran dangi, ana jiran a idar da salla. Mita ba ta ƙirga jira. Ya ce cikin gari za ta iya shekara tana lallaɓawa, amma hawan hanyar Madina da rana ko da wasa ba zai bar ni in gwada ba. Sannan ya tambaye ni, ba da faɗa ba, me ya hana ni zuwa wurinsa, tambayar da ba ta wuce kofin shayi ɗaya ba. Daga ƙarshe ya ce shi ke nan, abin da ya faru ya faru, in je in nemi gafarar uwata.

Na same ta ita kaɗai da la'asar, an cire mata ruwan. Na durƙusa a gaban gadon na faɗa mata komai, tun daga haraj har allurar da na gani a hanyar Makka. Ta bar ni na gama. Ta ce tun a filin jirgi ta sani, hancin da ya shekara talatin yana shaƙar kafur da magarya ba za a sayar masa da burodi ba, kuma ta tura makara a kan irin ƙarafan nan ba sau ɗaya ba. Ta ce ita motar ba ta dame ta ba ko kaɗan, motar da ta yi wa bayin Allah rakiyar ƙarshe ai mai daraja ce, da na faɗa mata da ta ƙara sa mata albarka. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ta ba ni ƙofa sau biyu in fito, na ƙi, na biyun har da sunan Allah. Na tambaye ta me ya sa ta yarda ta shiga tunda ta san ƙarya nake yi. Ta ce ta yi zaton a kan burodin kaɗai na yi ƙarya don kunya, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ɗan da ta haifa zai yi mata ƙarya a kan makaniki ba. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, amma in yi kaffarar rantsuwata, wannan ba hakkinta ba ne.

Ana gobe za ta tafi na je kasuwa na sayo dabinon Madina kwali biyu, na ce ta raba wa masu zuwa barka da sauka, ba sai kowa ya san yadda aka yi ba. Kun ji fa, ko bayan duk wannan halin bai gama sakina ba. Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce a sa a jaka. Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa duk wanda Inna ta miƙa wa dabinon sai ta ce masa na Madina ne amma a Jidda aka saya, ita ba ta isa ba, ɗanta ya kai ta rabin hanya Allah bai nufa ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba. Na yi ta shirin in sake kawo ta in ta warware, a jirgin ƙasa wannan karon, amma ƙodar ba ta koma daidai ba. Wata goma bayan komawarta Allah ya karɓi abarsa. Kafin in samu izinin fita in isa Funtuwa an kwana biyu da binne ta. Matan da ta koya wa aikin su suka wanke ta, na shiga ɗakinta na tarar da sauran ƙanshin kafur bai gama fita ba, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, matata ma da ta huce ta gaya mini. Amma sallamar da Inna ta so ta yi a Madina, wannan ni na hana ta, ba ciwon baya ba. Motar na bar wa Baba, ban sake tambayar abin da ya yi da ita ba. Bara na shiga jirgin ƙasan nan ni kaɗai na je na yi sallama a madadinta. A kujerar da ke gabana wani mutum ne da tsohuwarsa, an naɗe kekenta an ajiye a gefe, tana gyangyaɗi a cikin sanyi, kafin ta farka mun isa.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana, musamman mu da ke aiki a ƙasashen mutane muna son a ga mun yi abin a zo a gani. In za ka sayi tsohuwar mota, kada mita da fenti su ruɗe ka, ka tambayi aikin da ta yi, ka kai ta wurin wanda ya san ta, kuma in ka ga kana guje wa mutumin da ya fi kowa sanin abu, to ka tsaya ka binciki kanka, ba motar ba. Araha ba ta ado, wannan kowa ya sani, amma ni ba araha ce ta kashe ni ba. Ƙarya ce ƙarama, wadda na yi don kada a yi mini dariya, ita ta hana ni zuwa warshar Baba, ita ta sa na toshe kunne da shawarar matata, ita ta sa na ga allura na kau da kai. Wanda mahaifiyarsa ke raye, in ta zaunar da kai ta maimaita maka tambaya, ka sani ba amsar take nema ba, ta riga ta san ta. Dama take ba ka. Tawa ta ba ni sau biyu, kuma babu ta uku.